Tausar Jariri a Manchesta da Kaduna: Wasiƙa Zuwa ga Ƙanwata

Assalamu alaikum ƙanwata. Ya nauyin jiki, ya zafin Kaduna? Allah ya sauke ki lafiya, ya ba mu mai albarka. Inna ta ce kin fara haɗa kayan haihuwa, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto miki a tsanake, don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya. Kuma na san cikin ƙawayenki akwai masu ciki, kina iya tura musu.

Bari in fara da yadda suke karɓar mai jego a nan, don ki gane inda zancen tausar ya samo asali. Idan mace ta haihu lafiya ba a riƙe ta a asibiti, wata awanni kaɗan ne, wata kwana guda, sai sallama. Daga nan ungozomar asibiti ce ke biyo ki har gida, ta duba ki, ta duba jaririn, ta ga yadda yake kama nono. Rana ta biyar su ɗan tsaga diddigensa su ɗebi jini a gwada wasu cututtuka, ciki har da sikila. Tsakanin kwana 10 zuwa 14 wata ma'aikaciyar lafiya daban take karɓa, wadda aikinta ke nan, bin gidajen masu ƙananan yara har yaro ya kai shekara biyar. Akwai wani jan littafi da ake ba kowane jariri, a ciki ake rubuta nauyinsa da tsawonsa da allurar rigakafinsa. Ba a karɓar ko kwabo a hannunki lokacin da ake duba ki, amma kada ki ji ana cewa kyauta ce ki ɗauka daga sama take faɗowa. Yawancin masu shigowa da bizar zama suna biyan kuɗin lafiya tun kafin su taka ƙasar, fam 1,035 ga yawancin manya a shekara tun daga Fabrairun 2024, ga kuma harajin da ake cira a albashi.

Wannan mai ziyarar gida ita ta miƙo min takarda, wai akwai ajin koyon tausar jarirai a cibiyar iyali ta unguwarmu. Na hukuma ne, ba a biya, sai dai a rubuta sunanki ki jira layi ya zo kanki. Masu zaman kansu kuma suna yi da kuɗi, na ga na fam 50, na ga wanda ya fi haka. Ki lissafa da canjin yau ki ji. Abin da Gwaggo take yi safe da yamma a tsakar gidanmu na Tudun Wada, ba ta taɓa karɓar komai a kai ba sai sabulu da turmin atamfa ranar arba'in, shi ne a nan aka yi wa manhaja da malamai masu takardar shaida.

Ajin sati biyar ne, sau ɗaya a sati, wajen awa guda. Ɗaki ne mai ɗumi, an shimfiɗa katifu marasa kauri a ƙasa an yi da'ira, kowace uwa ta zauna da ɗanta a gabanta a kan tawul. Akwai Turawa, akwai 'yan Pakistan, akwai wata 'yar Somaliya da muka saba har yanzu. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne malamar ba ta taɓa ɗan kowa. 'Yar tsana ce a gabanta, a jikinta take nunawa, ke kuma ki yi wa naki. Ta ce da gangan ne, dokar ƙungiyarsu ce, don ana son hannun uwa da na uba ne yaro ya sani, kuma ana son uwar ta yarda da hannunta. Wannan magana ta tsaya min a rai. A gida sau nawa muka ga mai haihuwar fari ta yi arba'in cur ba ta taɓa yi wa ɗanta wanka ba, ranar da kakar ta tafi sai ta tsaya a gaban baho jikinta na rawa?

Kafin a fara, za ki zuba ɗan mai a tafin hannu, ki murza kusa da kunnen jaririn ya ji ƙarar, ki nuna masa hannuwanki, ki dube shi ido cikin ido ki tambaye shi ko yana so. Ba amsa da baki ake jira ba. Ana koya miki ki karanta jikinsa ne. Idan ya saki jiki, idonsa a buɗe yana kallonki, bismilla. Idan ya kau da kai, ya banƙare, ya dunƙule hannu ko ya fara hamma da ƙananan kuka, ki dakata, ki ɗauke shi, a bari sai an jima. A ajin babu wadda ake kallo don ɗanta ya yi kuka. Wata tana shayarwa, wata tana zagaye ɗaki da nata a kafaɗa, darasi na tafiya.

Da ƙafa ake farawa, don ita ce gaɓar da jariri ya fi sabawa a taɓa masa wajen canjin famfas. Ki kama idon sawu da hannu ɗaya, ɗayan ki zagaye cinya da shi ki shafo a hankali har ƙasa, ki sauya hannu. Sai tafin ƙafa da babban yatsanki, daga diddige zuwa yatsu, sannan 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sati na gaba ciki, sai ƙirji da hannuwa, sai fuska, sai baya. Ƙarfin dannawar kamar yadda kike taɓa nunannen tumatir a kasuwa ne, kina so ki ji shi amma ba kya so ya fashe.

Darasin ciki shi ya fi amfanata, don 'yarki ta sha murɗar ciki da yamma a watanninta na farko. Ana shafawa ne ta yadda hannun agogo ke juyawa, ba a komawa baya. Dalili kuwa, babban hanji yana tasowa daga ƙasan ciki ta gefen dama, ya hau sama, ya gitta ƙarƙashin haƙarƙari, ya sauko ta hagu. Idan kin bi hanyarsa, iska da kashi kike turawa zuwa mafita. Bayan shafar sai ki haɗa gwiwoyinsa ki kai su cikinsa a hankali, ki riƙe na ɗan lokaci, ki saki. Sau da yawa nan take za ki ji ya yi tusa, fuskar ta saki. Sun ce a bari kamar minti 45 bayan ya sha nono, kada a taɓa ciki kafin cibiya ta faɗi ta warke, kuma kada a yi tausa yaro na zazzaɓi. Wurin da aka yi masa allurar rigakafi a tsallake shi na kwana biyu.

Da na tambayi asalin tsarin, sai na tarar ba daga Ingila ya fito ba. Wata Ba'amurkiya ce, Vimala McClure, ta je aiki gidan marayu a Indiya a 1973, ta ga yadda mata ke tausa jarirai kullum, ta koma gida ta haɗa salon Indiya da na Suwidin ta fara koyar da iyaye. Ƙungiyar da ta kafa yanzu tana da malamai a ƙasashe da dama. Ashe daga hannun talakawa irin iyayenmu aka ɗauko. Abin da suka ƙara shi ne bincike. A 1986 wata masaniya a Miyami, Tiffany Field, ta gwada tausa a kan bakwainai, minti 15 sau uku a rana har kwana 10. Waɗanda aka yi wa sun fi sauran ƙara nauyi da kashi 47 cikin ɗari, kuma an riga sallamar su da wajen kwana shida. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a cikin shawarwarinta cewa ana iya yi wa lafiyayyen jariri tausa mai taushi a dukkan jiki. Malamarmu ba ta cika baki ba, ta faɗa mana hujjar ta fi ƙarfi a kan bakwaini, ga lafiyayyen yaro kuma babban abin da ake samu shi ne natsuwa da shaƙuwa. Na ji daɗin wannan gaskiyar, don babu wanda ya ce mana tausa tana sa yaro ya yi saurin tafiya ko ya yi ƙwaƙwalwa.

To ki tuno wankan Gwaggo. Ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafafu bisa baho, ta kwantar da jaririn a kan ƙwaurinta. Ruwa na tururi a bokiti, ta tsoma tsumma ta matse, ta bi gaɓoɓinsa tana dannawa, baya, ƙugu, kafaɗa. Ta kama hannuwa ta gitta su a ƙirji, ta naɗe ƙafafu ta miƙe. Tana yi tana masa kirari da sunan kakansa. In ta gama ta narka man kaɗanya a tafin hannu ta mulke shi tas, ta naɗe a zani, kafin a zubar da ruwan wankan ya yi barci. Safe da yamma, kwana arba'in. Wallahi ƙanwata, babu jaririn da na gani a nan da ke samun rabin wannan taɓawar. Nasu yawanci daga gadonsa sai keken turawa sai kujerar mota. Mu kuwa ga goyo, yaro yana manne da bayan uwarsa yini guda, in ta gaji yayarsa ta karɓa. Likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya sai a 1978 suka fara ɗaura bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata saboda ƙarancin kwalaben renon bakwaini, yau duniya duka ta karɓa. A nan kuma majanyi irin na Turawa, mai maɗauri da maɓalli, kuɗinsa ya isa ya saya miki zannuwan goyo na shekara.

Don haka ban zo in ce miki nasu ya fi namu ba. Amma akwai abubuwa a cikin namu da nake roƙon ki kada ki bari a yi wa ɗanki, kuma zan faɗa miki dalili ɗaya bayan ɗaya don ki sami abin faɗa wa manya.

Cilla jariri sama a cafe, da riƙe shi ta ƙafafu kai a ƙasa ana jijjigawa, wai don ya yi ƙarfin zuciya kada ya zama matsoraci. Kan jariri ya fi ƙarfin wuyansa, jijiyoyin jinin da ke kewaye da ƙwaƙwalwarsa sirara ne, girgiza mai ƙarfi tana iya tsinka su jini ya zuba a ciki. A nan tun a asibiti ake jan kunnen iyaye a kan girgiza yaro, kuma laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Ga santsin sabulu a hannu, ga siminti a ƙasa. Haka murɗa hannu zuwa baya har sai yaro ya ƙwalla ƙara. Idan ya yi wannan kukan, ciwo ya ji.

Gyaran kai da ruwan zafi shi ma ba a bukatarsa. Ƙasusuwan kan jariri ba su haɗe ba, shi ya sa yake iya ratsa hanyar haihuwa, kuma tsawon da kan ya yi yana komawa daidai da kansa cikin 'yan kwanaki. Maɗigar gaba takan rufe wajen wata 18. Ba a danna ta, ba a liƙa mata komai. Idan kin ga ta faɗa ciki yaro na gudawa, ruwan jikinsa ne ya ƙare, asibiti za a nufa. Sai matse nonon jariri idan ya ɗan kumbura. Sinadarin jikin uwa ne ya jawo kumburin, zai sace da kansa, matsewa ce ke sa ya yi ƙurji ya tara mugunya. Cibiya kuma a daina gasa ta da tsumma ko katanga, a daina sa mata man goge baki ko toka. Ki tambaya a wurin awo a ba ki maganin cibiya na kulohezidin, wanda gwamnatin Najeriya ta amince da shi. Zafin ruwan wanka ya zama daidai da ɗumin jiki, digiri 37, ki gwada da gwiwar hannunki. Hannun tsohuwa ya saba da wuta, abin da ta ji ɗumi ne yana iya ƙona fatar ɗan kwana uku.

Yanzu zancen mai, wanda a nan ne kuɗin mutane ke tafiya. Shagunan nan cike suke da kwalabe masu hoton jariri yana dariya, kuma na san irinsu ne ke cika kantunan titin Ahmadu Bello da tsadar gaske. Amma kin san shawarar ma'aikatan lafiyarsu? A watan farko ruwa zalla, ba sabulu mai ƙamshi, ba mai, ba hoda. Ƙasar da ke ƙera kayan ita ce ke cewa kada a shafa wa sabon haihuwa.

Man zaitun ne ya fi ba ni mamaki. A nan garin, Jami'ar Manchesta ta yi gwaji a kan jarirai 115, aka raba su uku: wasu ana ɗiga musu man zaitun, wasu man furen rana, wasu ba komai, har kwana 28. Fatar waɗanda aka shafa wa mai ta yi laushi, amma shimfiɗar fata ta sama, wadda ke tsare ruwan jiki ta kuma hana ƙwayoyin cuta shiga, ta fi saurin ƙwari a jikin waɗanda ba a shafa wa komai ba. Tun daga nan ungozomomi da yawa suka daina ba da shawarar zaitun ga sabon haihuwa, musamman in akwai ciwon fata mai ƙaiƙayi a dangi. Na san matsayin zaitun a wurinmu, itaciya ce mai albarka da Allah ya ambata a Alƙur'ani, kuma kowa ya dawo Umara da kwalbarsa yake dawowa. Albarkarsa tana nan, a ci, manya su shafa. Fatar ɗan sati biyu ce ba ta gama ginuwa ba. Bakwaini kuma hukuncinsa daban, don a Bangaladash an gwada man furen rana a kan bakwainai a asibiti aka ga ya rage musu kamuwa da cuta. Wannan likita ne zai faɗa miki.

Man gyaɗa ma sun hana a ajin, saboda shafa shi a fatar da ta tsage yana iya sa yaro ya tashi jikinsa ba ya karɓar gyaɗa. Hoda kuwa matsalarta shaƙa, ƙurarta tana shiga huhun jariri. Kamfanin Johnson & Johnson da kansa ya daina sayar da hodarsa ta talk a duk duniya a 2023, ya koma ta garin masara.

Akwai wanda ya fi waɗannan duka haɗari, kuma a kusan kowane ɗakin mai jego a Kaduna za ki same shi: man zafi mai mentol, da hoda mai mentol, da ƙwallayen kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jariri don ƙwari. Yara da yawa a Najeriya, musamman maza, ana haifar su da ƙarancin wani sinadari a jajayen ƙwayoyin jininsu. Irin waɗannan yara idan suka shaƙi kafur ko aka mulke su da mentol, ƙwayoyin jinin suna fashewa, shawara ta taso da ƙarfi, in ta hau ƙwaƙwalwa ta bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki. Ba a gane yaron da ke da wannan da ido. Ki fitar da kafur daga kayan tun yanzu, ki wanke su ki shanya a rana. Idan kin ga idonsa ko fatarsa ta yi rawaya, kada a tsaya shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan gulukos, a kai shi asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho a ranar. Kwalli ma a bar shi, an gwada irin namu an sami dalma mai yawa a ciki.

Sai man kaɗanya. Ranar da na gan shi a wani shagon kayan kwalliya, cikin ɗan gwangwani da bai fi tafin hannu ba, an rubuta daga Yammacin Afirka, na duba farashin na ajiye. Kuɗin zai cika miki roba babba a Kasuwar Barci ko Kasuwar Gumi. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwarar kaɗanya, mata ne ke tsinto ta a dazukan Neja da Kwara da Kebbi da nan Kaduna, a kwashe ta ɗanya a fitar, a tace a waje, a dawo mana da ita cikin kwalba da sunan wani. A Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar na wata shida don a riƙa sarrafawa a gida. Inda suka fi mu a fili yake: nasu a rufe yake, an rubuta abin da ke ciki da ranar lalacewa, idan aka sami matsala akwai wanda za a kama. Namu a buɗe yake a faranti, ƙura na sauka, wani mai sayarwar ya gauraya shi da wani abu don ya yi auki. Ki saya wurin wadda kika sani, ki narka a wuta kaɗan, ki tace da farin ƙyalle mai tsabta, ki zuba a kwalba mai murfi. Ni da shi nake yi wa 'yarki tausa tun da ta wuce wata guda. Na fara gwadawa a ɗan wuri a cinyarta na kwana ɗaya na ga bai yi ja ba. Ke da haihuwarki za ta faɗo cikin hunturu, lokacin da leɓe da diddige ke tsagewa, za ki fi ni bukatarsa. Ki rufe taga lokacin tausa, ki rufe sauran jikin da zani, gaɓar da kike yi kawai za ki buɗe.

Wani abin da nake so ki karanta wa maigidanki. A nan doka ta ba uba hutun sati biyu idan an yi masa haihuwa, kuma a ajinmu akwai ranar da aka ce a zo da iyaye maza. Abbanta ya je. Mutumin da a gida ko ɗaukar ɗan wani ba ya yi sai ya yi wata uku, sai ga shi a durƙushe, hannayen nan manya sun rufe bayan yarinyar gaba ɗaya, yana shafowa daga wuya zuwa ƙugu yana karanta mata Fatiha a hankali. Tun daga ranar tausar bayan Magariba ta zama tasa, ni kuma in sami sararin yin wanka in ci abinci da zafinsa. Yanzu in ta ji muryarsa a bakin ƙofa sai ta hau wutsil-wutsil da ƙafa. Na san kunyar ɗan fari, na san abokai za su ce mijin-ta-ce. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, shi kuma ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya ce masa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ya kuma yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. A Najeriya ma, ma'aikatan gwamnatin tarayya maza yanzu suna da hutun kwana 14 idan an yi musu haihuwa. Kada hutun ya ƙare a neman rago da karɓar 'yan barka kawai.

Kada kuma ki ɗauka daɗi ne ya sa suka buɗe irin wannan aji. Rashin mutane ne. Mace ta haihu, miji ya koma aiki, uwarta tana wani gari ko wata ƙasa, maƙwabciya ba ta san ma an haihu ba. A lokacin sanyi kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Bayan an gama darasi ana ba da shayi a zauna hira, kuma na lura wasu don hirar suke zuwa. Wata ta taɓa fashewa da kuka a tsakiyar aji, ta ce tun da satin ya kama ba ta yi magana da babban mutum ba sai mu. Suna yawan tambayar mai jego halin da zuciyarta ke ciki, don sun ɗauki damuwar bayan haihuwa ciwo ne da ake magani, kuma wannan abin koyi ne. Amma ni a ranar gidanmu na tuna: ɗaki cike da 'yan barka, farfesun kaza, tuwo da miyar kuka, wata ta karɓi jariri ta ce ki kwanta ki huta. Ki riƙe wannan gata da hannu biyu. Sai dai ki sassauta wa kanki ruwan wankan jego da kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a yankinmu da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta da yawan kanwa. Idan kin ga ƙafa na kumbura ko numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, ki faɗa da wuri.

Kaduna ma tana sauyawa. Amare nawa ne yanzu suke zaune su kaɗai a gidan haya a Rigasa ko Kawo ko Barnawa, uwa tana Funtuwa ko Kafanchan, ba kowa ke iya tafiya wanka gida ba? Irin su Gwaggo suna ƙarewa, 'yan bayansu kuma daga bidiyon waya suke koyo, mai kyau da marar kyau a haɗe. Jiharmu tana da mazaɓu 255, an yi aikin gyara cibiyar lafiya a kowace mazaɓa, kuma tun 2019 ma'aikatan jiha mata suke da hutun haihuwa na wata shida. Ranar rigakafi, ta sati 6 da 10 da 14, mata suna zaune a benci da jarirai a cinya suna jiran layi. 'Yar tsana ɗaya da minti 15 sun isa ma'aikaciya ta nuna tausar ciki, ta faɗi abin da ba a shafawa. A gayyato ungozomomin unguwa su zauna a gaba, don su ake ji a cikin gida, kuma hannunsu ya riga ya iya, gyara kaɗan yake so. Ki kai wa nas ɗin da ke muku awo wannan magana, ki ji me za ta ce.

Game da Gwaggo, kada ki tare ta da "likita ya ce". Ki bari in kira ta da kaina kafin lokacin, in gaishe ta, in ba ta labarin ajin, in ce mata Turawa kuɗi suke biya su koyi aikinta. Daga nan sai in roƙe ta ta bar cillawa da gasa cibiya, kuma ta riƙa zaunar da ke kusa da ita, tun daga sati na biyu ta sa ki yi da hannunki tana kallo. Na san ta, in aka bi ta da girmamawa ba ta ƙi.

Akwai mai zuwa nan bayan Salla, Inna ta san gidansu. A aiko min da man kaɗanya roba ɗaya, a naɗe murfin da leda sosai don kada ya zuba a kaya, da kuka da daddawa in an samu. Ki gaishe da Baba da Inna da maigidanki, ki ce ina yi wa Gwaggo sannu da ƙafa. Allah ya raba lafiya.

Yayarki.